Carbin da Ya Haura Ɗari

"Gunki ne, wallahi. Ƙato, ga tumbi, ya naɗe ƙafafu a tsakiyar salo."

"Ke kin gan shi?"

"Wadda ta gaya mini, ƙanwar mijinta ce ta gani."

"Ni dai carbi na ji an ce."

"To carbin gunkin ke nan mana! Addinin 'yan Sinuwa ya shiga tun yana Faransa. Duk shekarun nan yana bin sahu da mutane, ashe..."

"Mushe Sulaiman fa? Shi ya koya wa ɗana filo, falsafar nan, shekarar da ya yi jarrabawar bak."

"Yo mi ake jira daga mai filo? Ki koma gida ki bincike ɗan naki."

"Shi ne dangin ango suka ce ba shi zai ba da yarinyar ba?"

"Da ke ce, kya yarda?"

Direba ya ɗago ido ta madubi ya ce, "Hajiya, ku faɗi inda za ku sauka, kar in wuce da ku har ƙasar Sin."

A cikin taksi na ji wannan hira, daga Babbar Kasuwa zuwa Banifandou, ina matse a baya tare da masu maganar da wani buhun albasa. Har na sauka kunnuwana zafi suke yi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Mushe Sulaiman, kuma na shiga salonsa, wato falonsa, ba iyaka. Abin da ke tsakiyar salon nan tebur ne mai gajeriyar ƙafa ɗaya, an tokare ta da guntun katako. Gunki babu. Carbi kam akwai, yana rataye jikin ƙusa kusa da agogo, ƙura ce kawai ke taɓa shi.

Sulaiman ɗan Maraɗi ne, amma Yamai ce ta raine shi. Mahaifinsu ya zo da su suna ƙanana, shi da wansa Sani. Sani ya gaji rumfar atamfa a Babbar Kasuwa, Sulaiman ya bi lakwal, karatun boko, har ya zama mushe, wato malami, a lise, babbar sakandare. Siriri ne, dogo, alli ya dusashe masa murya. Yana da ciwo guda wanda duk kartiye, unguwar tamu, ta sani: ba ya iya ba da gajeriyar amsa. Ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faro daga wanda ya ƙirƙiro agogo. A fadarmu ta shan shayi, da zarar ya ce "ka ga, tambayar nan tana da kyau," mai shayi ƙara gawayi yake yi.

Yadda aka yi ɗan Maraɗi ya je ya tsunduma cikin nazarin addinin Buddha kuwa, ga shi. Yana matashin mushe, wani dogon hutu, aka haɗa shi da wata anasara da ta zo binciken bori, ya yi mata tafinta a ƙauyuka. Ya ga yadda ake shimfiɗa mata tabarma, a yanka mata kaza, ta zauna gaban masu garaya da na'urarta tana naɗar sauti, tana yi wa tsofaffi tambayoyin da 'ya'yan cikinsu ba su isa su yi musu ba. Ta koma ƙasarsu ta rubuta littafi, aka ce ta zama masaniya. Ba wanda ya ce ta zama 'yar bori, can ko nan.

Abin ya tsaya masa a rai. Da ya samu burs na ƙaro karatu a Faransa, sai ya ce shi ma zai riƙe na'ura ya zauna gaban anasara ya yi musu tambaya. Ya zaɓi ya duba yadda Turawa suka ɗauko addinin Buddha daga Asiya suka yi masa ɗinki daidai jikinsu, da inda suka ajiye masu addinin na asali, da kuma inda baƙin mutum ke zama idan ya shiga cikinsu.

Wani babban malami a can ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Me zai hana ka yi a kan borin ƙasarku? Zai fi maka sauƙi."

"Ai kun riga kun gama da shi," in ji Sulaiman. "Ban ga abin da kuka rage mini ba."

Wurare biyu ya riƙa zuwa. Na farko a tsakiyar gari yake, ɗaki fari fes, ba hoto ba hayaƙin turare, sai matasai jere a ƙasa. Anasara ne kusan zalla, likitoci da malamai da waɗanda suka ajiye aiki. Su zo su zauna shiru suna bin numfashinsu, su tashi su tafi. Ranar da ya fara zuwa, matar da ke bakin ƙofa ba ta bari ya gama gaisuwa ba ta nuna masa hanyar baya, ta ce injin ɗumama ɗaki yana ƙasa. Ta ɗauka mai gyara ne aka turo. Da ya ce bincike ya zo yi, sai ta yi ja har kunne, ta ce, "Mu a nan ba ma ganin launin fata." Sulaiman ya ce wannan magana ya ji ta a gidan nan fiye da yadda ya ji sunan Buddha. Akwai wata baƙar mata guda cikinsu, 'yar Martinik, direbar bas, ta riga yawancinsu fara zuwa wurin. Amma duk sabon shiga sai ya matso kusa da ita cikin ladabi ya nuna mata yadda ake naɗe ƙafa.

Wuri na biyu a bayan gari yake, tsohon sito ne tsakanin garejin motoci da masu yankan katako. Mutanen Biyetnam da yaƙi ya koro su ne suka haɗa hannu suka mai da shi wurin ibada. Can hayaniya ce: yara na guje-guje, tukwane na tafasa, turare ya turnuƙe, ga hotunan mamata jere ana ajiye musu lemu da ayaba. Da ya tambayi mutanen farin ɗaki ko suna leƙa siton, murmushi suka yi. "Wancan ai al'ada ce kawai, da camfi. Mu ainihin koyarwar muka ɗauka." Wato waɗanda aka haifi kakannin kakanninsu cikin addinin su ne masu camfi, wanda ya karanta littafi biyu bara shi ne mai ainihi. Sulaiman ya ce ya san wannan murmushin, ya taɓa yi masa tafinta.

A siton nan akwai wata tsohuwa mai kula da madafa, gajeruwa, Faransancinta bai wuce na cefane ba. Ba a cin nama a wurin, shinkafa ce da ganye da wake, don haka yakan ci ba fargaba. Ita ce ta lura cewa in rana ta karkata yakan fita waje cikin sanyi yana dube-duben inda zai tsaya. Ta ja hannun rigarsa har ɗakin ajiya, ta ture buhunan shinkafa, ta shimfiɗa masa kwali, ta jawo ƙofa. Nan ya riƙa yin salla. Da azumi ya zo ta ga ya ƙi karɓar kwano, ta sa jikarta ta tambaye shi dalili. Tun daga ranar, duk sanda ya zo, sai ta rufe masa nasa ta ajiye gefen murhu har rana ta faɗi. Ranar da zai yi sallama da su, ta cire carbin katako daga wuyanta ta danƙa masa.

Ya ce, "Kaka, ni fa Musulmi ne."

Jikar ta fassara amsar. "Ta ce ta sani, ai ita ta shimfiɗa maka kwalin. Ba don ka ja ba ne. Don ka tuna akwai wadda ta ciyar da kai."

Ya dawo Yamai da kundin bincikensa mai kaurin bulo. Ba wanda ya tambaye shi me ya gano. Tambayar da ya fi samu ita ce ko ya zo da mota. Ya koma lise ya ɗauki allinsa, matarsa Balkissa ta buga ƙusa ta rataye carbin, aka manta da shi kusan shekara ashirin.

Allah bai ba su haihuwa ba, shi da Balkissa. Zulaiha, 'yar Sani, ita ta cike musu gida. Rabin ƙuruciyarta a nan ta yi, a bisa teburin nan mai gajeriyar ƙafa ta koyi haɗa baƙi, tana kiransa Tonton, wato Baffa, tun bakinta bai iya faɗa daidai ba. Da Sani ya rasu, ba sai an zauna an tattauna ba. A wurinmu ko uba yana raye ba shi ke ba da 'yarsa ba, ɗan'uwansa ne ke zama gaban liman ya ce "na ba da." Sulaiman shi kaɗai ne ɗan'uwan Sani, Zulaiha ita kaɗai ce mace cikin 'ya'yan Sani. Ita ce 'ya ɗaya tilo da zai taɓa bayarwa a duniya. Tun ba ta gama karatun farmasi ba ya ɗinka babbar rigar da zai sa ran nan, shuɗiya, Balkissa ta naɗe ta ajiye a ƙasan akwati.

Zulaiha ta daidaita da Anas, injiniyan ruwa, ɗan mutanen Damagaram da suka daɗe a Yamai. Manyansa suka zo neman aure gidan Sulaiman da ƙwaryar goro. Jagoransu ƙanin mahaifin Anas ne, Alhaji Yakuba, tsohon ma'aikacin gwamnati, mai murya kamar ana buga ganga cikin rijiya. Magana ta yi daɗi. Aka kira la'asar, suka fita masallacin kusurwa suka dawo. Alhaji Yakuba ya laluba aljihu ya ga ya baro carbinsa a mota, ya ɗaga kai ya hangi wani a jikin ƙusa, ya miƙa hannu ya sauko da shi.

Ya fara ja. Ya kai inda yatsa ya saba cin karo da alamar da ke raba tasbihi da tahmidi, bai ji komai ba. Ya ci gaba. Ya cika ɗari a bakinsa, ga 'ya'yan carbi sun rage a hannunsa. Ya ɗaga shi ya duba, ya shinshina.

"Mushe, wanga carbi na wace ɗarika ce? Ya haura ɗari."

Da wani ne, sai ya ce tsaraba ce daga tafiya, a wuce wurin. Sulaiman gyara zama ya yi.

"Ka ga, Alhaji, tambayar nan tana da kyau."

Balkissa ta ce daga madafa ta jiyo shi, ta saki ludayi. Ya ba su labarin duka, da farin ɗaki da sito, da direbar bas, da abin da Turawa suka cire da abin da suka bari. Murna yake yi, don shekara da shekaru ba wanda ya tambaye shi. Ya ce, "Na daɗe ina zama cikinsu." Ya ce, "Sai ka cire takalmi kake shiga." Ya ce, "Abincinsu na ci har na dawo." Bai lura ba cewa tun tuni Alhaji Yakuba ya ajiye carbin bisa tebur da yatsa biyu, yana goge hannu a jikin riga. Kwalin salla da kwanon buɗa-baki ma ya faɗe su, amma su ba su fita daga salon ba. Sauran ukun ne suka fita, suka shiga waya, suka zaga Banifandou, kafin su isa taksin da na hau sun yi tumbi sun naɗe ƙafafu.

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya zo daga Alhaji Yakuba. Su ba su fasa neman yarinya ba, amma ba za su karɓi aure daga hannun da ake shakkarsa ba. Sharaɗi biyu ne. Ranar ɗaurin aure, kafin a fara komai, Sulaiman ya miƙe gaban jama'a ya maimaita kalmar shahada da ƙarfi, kuma ya ƙona carbin a ga tokarsa. In ba zai iya ba, a kawo wani waliyyi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu yaɗa maganar. Ba baƙi ba ne. Mutanen da kafaɗarsu ke gogar tasa a sahu ne kullum asuba. Waɗanda ya cika wa 'ya'yansu takardun neman makaranta ne a bakin ƙofarsa, ya kai musu har buro, wato ofis, da ƙafarsa. Mutanen nan in anasara ya sauka a kartiye da kamara yana son ganin yadda muke suna da yadda muke binne gawa, rige-rigen ba shi kujera suke yi, su ce mai ilimi ne. Namu guda ɗaya ya je ya zauna ya dube su kamar yadda suke dubanmu, ya dawo da abin da ya gani, shi ne ya zama abin ƙyama. A can an dubi fatarsa an nuna masa ƙofar baya. A nan an dubi ƙusar ɗakinsa an nuna masa ƙofar fita daga addini. Kuma masu cewa "addinin 'yan Sinuwa" ba su san ma tsohuwar ba 'yar Sin ba ce. Duk mai siririn ido a wurinmu Sinuwa ne, yadda duk baƙi a can mai gyaran inji ne.

Hawwa, matar marigayi Sani, ita ke riƙe da rumfar atamfa yanzu. Ta aika wa Sulaiman ya same ta a kasuwa. Tana yankan turmi ya iso, ba ta ko ɗago ba.

"Mushe, itace ne fa. Itace! Ka ba ni shi in hura in dafa shayi."

"Yaya, ba itacen ba ne. Ka ga... kin ga..."

"Kar ka fara mini 'tambayar nan tana da kyau', ina da masu saye. Wa ya aike ka? Mutum ya tambaye ka ɗarika, ka kai shi Faransa ka dawo da shi!"

"Gaskiya na faɗa masa."

"Gaskiyar ce ta yi yawa."

Ya ce, "Matar nan ta ciyar da ni da azumi, Yaya, a garin da ba wanda ya san ina azumi. Ba zan sa wa kyautarta wuta don a tafa mini ba. Shahada kuwa kullum ina yin ta, a kowace tahiya. Amma in na miƙe na faɗe ta gaban jama'a don Alhaji Yakuba ya ce, na amsa ke nan cewa da na fita. Kowane yaron da na taɓa koyarwa zai ce ashe gaskiya ne."

"To yarinyar fa? An yi ɗinki, an gaya wa mutanen Maraɗi, yaron nan kullum sai ya kira ni yana ba ni haƙuri, ya ce shi ba ruwansa, manya ne."

"A ɗauko tsohon nan na Maraɗi, ɗan'uwan babanmu. Shi ya ba da ita."

Hawwa ta ajiye almakashi. Ta dube shi a karon farko tun zuwansa. "Rigar da ka ɗinka fa?"

"Ba ta ruɓewa."

"Da wanka yana raye..." Ba ta ƙarasa ba. Ta jawo wani turmin ta fara warwarewa alhali ba wanda ya tambaye shi.

Daga nan ya daina zuwa fada. Ba korarsa aka yi ba, amma ya lura in kofi ya bi ta hannunsa, mai karɓa na gaba yakan ce ya ƙoshi. In ya tashi daga lise sai ya wuce Gamkalley, lambun wani tsohon ɗalibinsa a bakin kogi, ya naɗe ƙafar wando ya taya shi ban ruwan ganyen salati. Can Zulaiha ta same shi da yamma, ta kafe motonta a bakin shinge, ko farar rigar aiki ba ta cire ba.

"Tonton, gudu kake yi?"

"Salati nake bai wa ruwa."

"Ban yarda da tsohon nan ba. Rabona da shi tun ranar sunana, in ma ya zo."

"Zulaiha, aure ake so ya ɗauru. Wanda ya furta kalmar ba shi ne abin dubawa ba."

"Kai ka koya mini cewa in abu ƙarya ne a ce ƙarya ne."

"A aji na faɗa. Wannan ba aji ba ne, rayuwarki ce. Gidan mutanen nan za ki zauna, kar ki shige shi da faɗa. Ki yi mini alkawari ba za ki ta da magana ba."

Ba ta ce komai ba. Ta tsaya tana kallon ruwa yana bin kwari tsakanin kunyoyi, sannan ta juya ta ta da moto. Sulaiman ya ɗauki shirun nan a matsayin yarda, yadda kowa ke ɗaukar shirun budurwa.

Ranar ɗaurin aure da safe aka kafa rumfa a ƙofar gidan Hawwa. Kujerun roba sun cika titi, ga tiren goro da dabino, ga sanƙira da mikro a hannu yana maimaita duk abin da aka faɗa don na nesa su ji. Sulaiman ya zo cikin kaftaninsa na zuwa aiki, ya zauna a layin ƙarshe, wajen da aka jera motoci. Kujerar damansa da ta hagunsa ba kowa, sai da ni da mai shayin fadarmu muka cike su.

Liman Oumarou ne mai ɗaurawa, limamin masallacin kusurwa. Tun da maganar nan ta tashi bai ce komai ba, kuma na riƙe shi da wannan, don ya fi kowa sanin wanda ke tsayawa bayansa. Aka zaunar da tsohon Maraɗi gabansa, Alhaji Yakuba na fuskantarsa. Aka yi salati. Liman ya ce, "Waliyyin amarya, wa kake bayarwa?"

Tsohon ya buɗe baki, ya rufe. Ya karkata wajen na kusa da shi, bai san mikro na gefen kunnensa ba. Duk titi ya ji.

"Mi sunan ɗiyar ma?"

Dariya ta fara daga baya ta gangaro gaba. Liman bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, "Waliyyin da bai san sunan yarinya ba, sai mun ji daga bakinta."

"Liman, a yi a gama," in ji Alhaji Yakuba. "Rana na yi. An riga an san dalilin da ya sa aka kawo shi."

Sai wata murya daga tsakiyar jama'a, har yau ban san ta wa ba ce: "Alhaji, kai da ka ja carbin, wa ya wanke ka?"

Wata ta ɗora: "Shekara ashirin yana rataye, kai kaɗai ka taɓa yin zikiri da shi!"

Alhaji Yakuba ya yunƙura zai miƙe. Wansa, mahaifin Anas, wanda tun zuwansu bai buɗe baki ba, ya riƙe masa gefen riga ya mai da shi zaune.

Liman ya tashi da shaidu biyu suka nufi zaure, sanƙira na biye da su. Kowa ya san yadda ake yi. A tambayi amarya daga bayan labule, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, wata gwaggo ta rangaɗa guɗa, a dawo a ce ta yarda. Har wasu sun fara miƙa hannu wajen tiren dabino.

"Zulaiha," in ji Liman, "kin yarda kakanki na Maraɗi ya zama waliyyinki?"

"A'a."

Sanƙira, da yake bakinsa ya saba, bai tsaya tunani ba. "Ta ce a'a!" Sai da ya faɗa ya dubi mikron kamar shi ya yi laifin.

Cikin gida ya kaure da salati. Na jiyo muryar Hawwa tana cewa a bar ta ta yi magana.

"Auren ne ba ki so?" Liman ya tambaya.

"Ina so. Anas nake so, ban canza ba. Amma ina da uba, yana nan zaune wajen motoci."

Wannan karon sanƙira bai maimaita ba, ba a kuma bukaci ya maimaita ba. Liman ya dawo ya zauna a wurinsa. Ya ce shi ba ya ɗaura wa mace aure da waliyyin da ta ƙi alhali na kusa yana nan da ransa da hankalinsa. Ya ce game da sallar Mushe Sulaiman kuwa, shi shaida ne, kuma ya kamata a ce ya faɗi haka tun ba yau ba. Ya juya wajen mutanen Damagaram yana jira.

Mahaifin Anas ya yi gyaran murya. "Mu mata muka zo nema wa ɗanmu. Wanda ta ce shi ne."

Kawuna duka suka juyo baya. Sulaiman bai motsa ba. Hannayensa na bisa gwiwoyinsa, kansa a ƙasa, yana kallon ƙurar alli da ta maƙale a bakin hannun kaftaninsa. Mutumin da ba ya iya gajeriyar amsa, ko kalma ɗaya ta gagare shi. Mai shayi ya zungure shi, bai ɗago ba.

Sai muryar ta taso ta saman katanga, ba mikro, amma kowane harafi a fili. Ba ta ce Tonton ba.

"Baba, don Allah ka taso. Ka zo ka zauna gaban Liman, ka ba da ni da bakinka."